Shatin Yatsun Laure a Jikin Tubali

Shekarar da aka ce mutanen Unguwar Ɗinya su tashi saboda ruwan dam ɗin Challawa, damina ta yi ƙarfi, ta ci bangaye da yawa a garin. Ba wanda ya damu da gyara. Me za a gyara, tunda an riga an nuna musu sabon mazauni can kan tudu, an kuma ce kafin wata daminar ruwa ya shafe wurin? Kowa ya zuba wa gidansa ido yana zubewa, ana jira a gama kawar da amfanin gona a kwashe kaya.

Ɗanmaliki shi ma haka ya bar nasa. Manomi ne mai 'yan shanunsa, ba shi da yawan magana. Matarsa Laure ta rasu tun 'yarsu Turai tana goye, sai Goggo Hajo, ƙanwar mahaifinsa, ta dawo gidan ta riƙe yarinyar. Ɗakin Laure kuwa aka ja ƙofarsa, ba mai kwana a ciki, sai dammunan gero da ake jibgewa.

Wata safiya ya zagaya bayan ɗakin yana neman igiyar ɗan maraƙi, sai ya tarar yaɓen bangon ya ɓamɓare daga ƙasa, wuri guda mai faɗin tabarma, ya faɗi ya farfashe. Tubalan suka fito fili, a jere, kamar ranar da aka ɗora su. Har ya wuce, sai ya dawo ya tsuguna. A jikin tubalan akwai shatin yatsu, ƙanana, sun nutse cikin ƙasar, kuma a kowanne shatin ƙaramin yatsan ya karkace ya yi gefe.

Ya manta da igiyar. Ya manta da maraƙin ma.

Shi ya gina ɗakin nan da hannunsa, shekarar aurensu. Ya haƙo ƙasa a kududdufin bayan gari, ya yi ta jigilarta a jaki zuwa cikin gida, ya kwaɓa ta da ciyawa. Laure tana amarya, ba ta fita, sai ta zauna a inuwa tana kallonsa yana cura tubali tana dariya.

"Wannan tubali ne ko tuwon da ya kwana?"

"In kin iya ki zo ki yi."

Ai kuwa ta ɗaure zane ta zo. Hannunta ƙarami ne, ƙasar tana fin ƙarfinsa, don haka sai ta danna da yatsu kafin tubalin ya tsaya. Ƙaramin yatsanta na dama a karkace yake, tun tana yarinya saniya ta taka shi. Ya ce mata magina ba sa barin yatsa a jikin tubali. Ta ce to ita ai ba magini ba ce, in ba ya so ya zubar. Bai zubar ba. Da suka bushe sai ya jera nata a bangon baya, can ƙasa, ya yi maza ya yaɓe, don in aka ji a gari cewa amarya ce ta cura masa tubali, ya shiga bakin samari ke nan har ya tsufa.

Laure ba ta taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. Kayan ɗakinta an raba, tufafinta an ba da sadaka. Kabarinta kuma yana maƙabartar gangare, inda aka ce nan ruwan zai fara kaiwa. Ga Turai ta yi wayo, ta fara tambayar Goggo wai da wa innarta take kama, Goggo ta ce da ke take kama, yarinyar ta ce ita ba ta yarda ba. Ɗanmaliki yana jin su daga zaure.

Ya zaro wuƙarsa ya gwada ciro tubali ɗaya, na gefe. Ya bi shi a hankali, yana ƙwaƙule ƙasar da ta riƙe shi. Yana jawowa sai ya ruguje masa a hannu, ya zama gari. Tubalin ƙasa ba bulo ba ne, in ya shekara a bango ya zama bango. Ya daɗe yana kallon garin a tafin hannunsa. Daga nan bai sake kai wuƙa wurin ba. Ya ɗauko tsohuwar zana ya jingina a kai, don kada awaki su yi susa da wurin, ya hau kekensa sai Karaye.

Shagon Bilya mai hoto yana kusa da tasha, da labule mai zanen gidan sama da jirgi, wanda ake tsayar da mutane a gabansa. Bilya gajere ne mai fara'a, bakinsa ba ya hutawa. Suka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi shanu, ya tambayi yadda ake ciki da batun tashi.

"To Malam, na katin zaɓe ne ko na kai wa budurwa?"

"Bango nake so ka ɗauka."

"Bango?" Bilya ya yi dariya. "Ku mutanen bakin kogi za ku kashe ni a bana. Jiya wani tsoho ya sa na ɗauki rijiya, ya ce lallai sai ruwan ya fito a ciki. Wani kuma kuka, wai a ƙarƙashinta aka yi masa kaciya. To kai me aka yi maka a gindin bangon?"

Ɗanmaliki ya sunkuyar da kai. Da a garinsu ne, da ko za a yanka shi ba zai faɗa ba. Namiji ba ya kama sunan matarsa a gaban mutane, balle ya nuna yana kewarta bayan ƙasa ta rufe ta. Amma Bilya baƙo ne, bai san Laure ba, bai san Goggo ba, ba kuma za su haɗu a masallaci da asuba ba. Sai ya faɗa masa, a gutsure a gutsure, yana kallon takalminsa.

Bilya ya daina dariya. Ya jawo benci ya zauna kusa da shi.

"Allah ya ji ƙanta. Bangon ina yake kallo?"

"Yamma."

"Madalla. Ka ga, irin wannan ba a ɗaukarsa da rana tsaka, sai ya fito fari fat ba komai. Sai la'asar sakaliya, rana ta kwanta, hasken ya shigo ta gefe, kowane rami ya yi inuwarsa. A lokacin ko zanen fatar yatsa ne sai ka gani. Ranar Talata ba ni da biki. Amma don Allah kada a taɓa wurin."

"Ba mai taɓawa."

Kafin Talatar sai ya zama dole ya kora shanunsa Ruwan Bago, wurin ɗan'uwansa Abdulsalami, tunda sabon mazaunin babu wurin kiwo. Da safen da zai tafi ya sami Goggo tana dama fura a tsakar gida. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Goggo, ranar Talata mai hoto zai zo daga Karaye."

"Hoton wa za a yi?"

"Bangon ɗakin nan. Na baya."

Goggo ta tsayar da ludayin. "Ɗakin marigayiya?"

"Shi."

Ta dube shi, ta kawar da kai, ta ci gaba da damu. "To. Ya yi kyau, ɗan nan. Allah ya kai mu."

Maganar ta zo masa har baki. Ya so ya ce, Goggo, akwai abin da ke ƙarƙashin zanar can. Amma ta ina zai fara? Ya dubi ƙanwar ubansa, wadda ta yi masa wanka yana jariri, ya ce mata yatsun matarsa yake zuwa yana kallo a bayan ɗaki? Ita ma ta ga akwai sauran magana a bakinsa, amma ba a tone ɗa a kan matarsa. Ta miƙa masa ƙwaryar furar, ya sha, ya ɗauki sandarsa ya bi shanu.

Ranar Talata ya biyo ta Karaye, Bilya ya goya shi a babur, jakar kyamara tana rataye a wuyansa. Sun iso bayan gari rana ba ta kwanta ba tukuna, Bilya ya ce ba amfanin sauri. Suka tsaya a bakin kududdufi.

Duk gidajen Unguwar Ɗinya daga cikin ramin nan suka fito. Yanzu ruwan damina ne kwance a ciki, da bado, da agwagin wani suna wanka. A gefe ga filin da ake shanya tubali, har da ragowar waɗanda aka cura bara ba a ɗauka ba, ruwa ya narkar da su sun zama 'yan tsibi-tsibi, ciyawa ta fito a tsakaninsu.

"Kai ta ina ka haƙa?" in ji Bilya.

Ɗanmaliki ya nuna wata gaɓa ƙarƙashin ɗinya. "Ta can. Ƙasar wurin ta fi danƙo."

"To je ka tsaya."

"A'a. Ɗauki wurin dai."

"Kai Malam, kai ne mutum na farko da ya ɗauko ni tun daga Karaye kuma yake gudun kyamarata. Ko kana da laifi a wurin 'yan sanda ne?"

Ɗanmaliki ya yi murmushi, abin da ya daɗe bai yi ba. Bilya ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya, ya jira agwagin suka matsa, ya ɗauki gaɓar da ɗinyar da narkakkun tubalan. Suka yi sallar la'asar a nan kan ciyawa, sannan suka tura babur ɗin zuwa cikin gari.

Tun daga nesa Ɗanmaliki ya ga ƙofar gidansa a share, an yayyafa ruwa. Mutane a zaune a kan tabarmi, kowa da kayan sallarsa. Bappa Nasidi, tsohon maginin garin, abokin mahaifinsa, yana tsakiya da babbar riga da hula sabuwa. Aka tashi aka tarye su, ana sannu da zuwa, sannu da hanya, yaya mutanen Ruwan Bago, yaya shanu suka isa. Goggo ta leƙo daga zaure riƙe da hannun Turai. An yi wa yarinyar kitso, an sa mata kwalli har ya yi yawa, da murjanin Goggo a wuyanta yana kai mata cibiya.

Bai yi mamakin taron ba. Hoto ba kullum yake zuwa gari ba, in an ji mai hoto kowa sai ya yi wanka. Abin da ya tsayar da shi ƙanshi ne. Yana shiga tsakar gida ya ji ƙanshin ɗanyar ƙasa da makuba, irin wanda ake ji a gidan da ake shirin kawo amarya.

Ya zagaya bayan ɗakin. Zanar tana naɗe a gefe.

Bangon ya sha sabon yaɓe tun daga ƙasa har sama, sumul, yana sheƙi ja-ja-ja. An zana masa dagi a tsakiya, an bi gindinsa da farar ƙasa. Tun da aka gina ɗakin bai taɓa yin kyau irin na ranar ba.

Jama'a suka biyo shi a baya. Bappa Nasidi ya zo ya tsaya kusa da shi, ya dafa kafaɗarsa da hannun da har yanzu akwai ƙasa a farcensa.

"Yaya ka gani? Goggonka ce ta je har gida ta same ni. Ta ce hoto za a ɗauka, shi kuwa hoto Kano ake kai shi a wanke, sai mutanen birni su ga bangon marigayiya tsirara su ce ba ta da kowa? Na ce ai ko bayana zai karye sai na yi. Na daina aiki tun bara, ka sani, amma wannan na ce da hannuna." Ya yi tari, ya nuna ƙasan bangon da sandarsa. "Sai dai kai ɗan nan, lokacin da ka yi ginin nan ba ka iya ba. Tubalan ƙasan nan duk ramuka ne. Sai da na sa fartanya na kankare su tas, na jiƙa, sannan yaɓen ya kama."

Aka yi dariya. Wani ya ce ai lokacin ango ne, hankalinsa ba ya kan tubali.

Ɗanmaliki ya dubi gindin bangon. Ya juya ya ga Bilya yana kallonsa, kyamara a hannu, bakinsa a rufe. Ya ga Goggo tana gyara wa Turai ɗankwali, fuskarta cike da jin daɗi, tana satar kallonsa ta ga ko ya yaba.

"Allah ya saka da alheri, Bappa," ya ce. "Aiki ya yi kyau."

"Amin, amin. To mai hoto, ina za mu tsaya?"

Bilya ya jera su. Dogaye a baya, tsofaffi a kan benci, yara a ƙasa. Bai yi barkwancin da ya saba ba, sai dai matsa nan, ɗago kai, kada a ƙifta. Aka sa Ɗanmaliki a tsakiya, Turai a gabansa. Rana ta kwanta daidai yadda Bilya ya faɗa, hasken ya shigo ta gefe ya kwanta a kan bangon, bai sami rami ko ɗaya da zai yi wa inuwa ba. Aka ɗauka. Bappa ya ce a ƙara ɗaya shi kaɗai da bangon, aka ƙara.

Da mutane suka watse, mata suka ja Turai cikin gida, sai ya rage su biyu. Bilya ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Yaɓen bai gama bushewa ba. Mu gwada. Wataƙila tsohon bai kai ko'ina ba."

Ɗanmaliki ya tsuguna daidai inda ya tsuguna ranar farko. Ya sa bakin wuƙa ya yanki yaɓen, ya ɓamɓaro shi da yatsa. Ƙarƙashi ƙasa ce shafaffiya, da shatin bakin fartanya. Ya matsa gefe ya sake. Haka. Sabuwar ƙasa ta haɗe da tsohuwa, ba ka ma gane inda tubali ya ƙare. Bappa Nasidi ba ya aikin ha'inci.

"Ɗanmaliki! Me kake yi wa bangon?"

Goggo ce, ta zagayo da ƙwaryar fura za ta ba baƙo. Ta tsaya tana kallon ramukan da ya yi a cikin farar ƙasar.

Bai ɗago ba.

Bilya ya dube shi, ya dubi tsohuwar. Ya cire hularsa ya mayar. "Goggo, ki yi haƙuri, ni baƙo ne, bari in faɗa. Ba bangon aka ɗauko ni in ɗauka ba. Marigayiya ce ta cura tubalan ƙasan nan. Shatin yatsunta ne a jiki, shi yake so yarinyar ta gani in ta girma."

Goggo ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, a hankali, kamar mai tsoron kada ta fashe.

"Ramukan nan," ta ce. "Waɗanda Nasidi ya ce."

Ta matso kusa da bangon.

"Ina tsaye aka kankare. Ni na riƙe masa tulun ruwa." Ta durƙusa kusa da shi, gwiwoyinta suna ƙara. "Na ɗaga zanar na duba, idon nan nawa bai nuna mini komai ba sai tubali. Har da ɗan karkataccen?"

Ya gyaɗa kai.

"Me ya hana ka faɗa mini, ɗan nan?"

"Goggo..."

"Na sani. Na sani. Ni ma ai na ga maganar a bakinka, ban tambaya ba."

Ta karɓi wuƙar daga hannunsa. Ta fara daga inda ya tsaya, tana yanka tana ɓamɓarewa, ta sa tafin hannu ta shafa, ta kai fuskarta har kusa da bango ta duba, ta matsa gaba. Zanenta na salla ya ɓaci da jar ƙasa, ba ta kula ba. Ta bi ta kan farar ƙasar, ta hau har gindin dagin, ta rushe masa ƙafa ɗaya. Duk inda ta buɗe sai ta ce, "Mai hoto, zo ka duba nan, kai idonka ya fi nawa." Bilya ya zo ya tsuguna ya duba, ya girgiza kai, ya koma ya tsaya da kyamararsa a shirye.

Hasken ya bar gindin bangon ya hau sama, ya koma kan indararo, ya tafi. Bilya ya daɗe bai motsa ba, sannan ya rufe idon kyamarar ya sa ta a jaka, ya ja baya ya ba su wuri.

Goggo ba ta daina ba. Yanzu ba ta ma gani, da hannu take lalube, tana kuka ba sauti, tana cewa wataƙila ta nan ne, wataƙila ta nan gefen. Bakin wuƙar ya goce ya yanke ta a babban yatsa, ba ta ji ba.

Ɗanmaliki ya kama hannunta. Tun da ya girma bai taɓa riƙe hannunta ba. Ya zare wuƙar ya mayar kube, ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure mata yatsan.

"Ya isa, Goggo."

"Saura nan ƙasan."

"Babu, Goggo. Ya isa. Tashi, an kira magariba."

Ya ɗaga ta ta miƙe. Ta dafa kafaɗarsa, suka zagaya cikin gida a hankali.